Yadda Ake Zaɓen Fensir Mai Latsawa Don Rubutu Da Zane

Duk wanda ya taɓa shiga ajin zanen fasaha a Jos da sassafe cikin watan Disamba ya san wannan abin. Sanyi ya ƙage yatsu, yaro ya riƙe reza yana fiƙe fensir, bakin ya karye, ya sake fiƙewa, ya sake karyewa. Kafin ya ja layi na farko a kan takarda, kwata na lokacin darasi ya tafi, fensirin ya ragu da kusan rabi, ga ɓawon katako da baƙar ƙura sun ɓata allon zanensa. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma ganin haka kullum ne ya sa nake matsa wa ɗalibaina da iyayensu a kan fensir mai latsawa, wato wanda ake danna kansa sai siririn tsinken baƙi ya leƙo. A shago wannan tsinken lid ake ce masa, da wannan sunan za ka tambaya a gane ka.

Amfaninsa na farko shi ne kaurin layinsa ba ya canjawa. Fensirin katako yana farawa da tsini, kafin ka gama shafi ya dakushe, sai layin ƙarshe ya ninka na farko kauri. Mai latsawa kuwa, in 0.5 ne, to iyakarsa ke nan daga safe har dare. Na biyu, jikinsa ba ya gajarta, saboda haka nauyin da hannunka ya saba da shi yau shi za ka samu baɗi. Ba reza, ba yanke yatsa, ba shara. Kuma a jiki ɗaya kana iya sauya tsinke mai tauri da mai laushi gwargwadon aikin da ke gabanka. Ga masu rubutu a waje, kamar ɗaliban da ke fita awon fili da damina, akwai wani ƙarin alheri: ruwan saman Jos in ya taɓa takarda yakan watsa tawada, amma rubutun fensir yana nan daram.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1822 Sampson Mordan da John Isaac Hawkins suka yi rajistar irinsa a Ingila, kuma a 1915 Tokuji Hayakawa ya ƙera nasa na ƙarfe a Japan, wanda daga sunan fensirin nan ne kamfanin Sharp ya samo suna. Ga iyayen da ke fargaba kuma, babu darma a cikin tsinken ko kaɗan. Garafait ne, ɗan'uwan gawayi, aka haɗa da yumɓu ko da wani irin ƙaro na roba.

Mataki na farko: fara da aikinka

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shiga shago a Taminus ko kan titin Ahmadu Bello, ya hango fensir mai ƙyalli, ya biya, sai ya isa gida ya tarar ba ya yi masa aikin da ya saye shi dominsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin ka sa hannu a aljihu, ka amsa wa kanka tambaya uku: me zan riƙa yi da shi, a kan wace irin takarda ko wane abu, kuma hannuna mai danne alƙalami ne ko mai sauƙi? Hanyar gane na ƙarshen ba wuya. Ɗauko tsohon littafinka ka juya shafi, ka shafa bayansa da yatsa. In ka ji rubutun ya huda har ya taso, hannunka mai nauyi ne, kuma siririn tsinke zai yi ta karye maka.

Mataki na biyu: kaurin tsinke

Wannan shi ne ginshiƙin maganar, domin kowane fensir kauri ɗaya kawai yake ɗauka, kuma an rubuta lambar a jikinsa da ma'aunin milimita. In ka yi kuskure a nan, babu gyara sai sayen wani.

Lamba 0.5 ita ce ta kowa da kowa. Ta dace da lissafi, ƙananan rubutu da yawancin zanen makaranta, kuma tsinkenta ne ya fi sauƙin samu a kowane shagon littattafai, da nau'o'i mafi yawa. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan fensir ba, kuma hannunsa ba mai nauyi ba ne, ya fara daga nan. Masu karatu a zaure da ke rubuta fassara da ajami tsakanin layukan littafin fiƙihu su ma 0.5 ce tasu, domin tana fitar da ɗigo da wasali a ɗan ƙaramin wuri ba tare da sun cuɗe ba.

Lamba 0.7 kuwa ita nake zaɓar wa yawancin ɗaliban ƙaramar sakandare da duk mai rubutu da yawa cikin sauri. Bambancin 0.5 da 0.7 a ido kamar ba komai ba ne, amma a ƙarfi ba haka ba ne, domin yawan abin da ke jikin tsinken 0.7 ya kusa ninka na 0.5 sau biyu. Yaron da ya karya tsinke goma a rana da 0.5, sau da yawa da an ba shi 0.7 sai maganar ta mutu. Sama da ita akwai 0.9, mai kauri kamar fensirin katako da ya ɗan dakushe, wadda ta dace da mai hannu mai nauyi sosai, da tela mai fitar da samfurin ɗinki a takarda, da mai zanen gaggawa.

Lamba 0.3 ta masu aikin ƙwaƙƙwafi ce, irin ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Jos da ke cika ƙananan bayanai a taswirar gida, ko mai zanen fuska da ke fitar da gashin ido. Tana da kyau matuƙa, amma tana son hannu mai ladabi da takarda mai santsi. Ban ba kowa shawarar ya fara da ita ba.

Sai kuma wani dangi daban, mai tsinken milimita 2, wanda kaurinsa daidai yake da na cikin fensirin katako. Shi ba leƙowa yake yi kaɗan-kaɗan ba: in ka danna kan, haƙoran bakinsa suna buɗewa gaba ɗaya, tsinken ya zamo, sai ka tare shi a kan takarda ka saki. Staedtler Mars technico da Faber-Castell TK 9400 su ne sanannun misalansa. Kafintocin kasuwar Katako, wannan ne naku. Siririn tsinke ba zai jure kaushin katako ba, amma wannan yana jurewa, kuma ana iya fiƙe shi a kan guntun samfefa ya yi tsini ko ya yi faɗi kamar bakin kurfi.

Mataki na uku: tauri da laushi

Bayan lambar kauri, a jikin kwalin tsinke za ka ga haruffa: H, HB, B, 2B da sauransu. H na nuna tauri, B na nuna baƙi da laushi, HB kuma tsaka-tsaki. Duk lokacin da lamba ta ƙaru a gefen H, tsinken ya ƙara tauri da haske. A gefen B kuwa ya ƙara laushi da duhu, ya kuma fi saurin ƙarewa da shafewa. Asalin dabarar daga Faransa take, inda a 1795 Nicolas-Jacques Conté ya gano cewa in aka cuɗa garin garafait da yumɓu aka gasa, yawan yumɓun ne ke ƙayyade taurin. Siraran tsinkayen yanzu ba yumɓu ake sa musu ba, ƙaron roba ne, shi ya sa abu mai siranta kamar zare yake iya jure dannawa.

Kusan kowane sabon fensir da HB yake zuwa, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa har abada. Ni a ganina, don rubutun yau da kullum B ya fi HB daɗi, musamman a kan takardun littattafan makaranta na nan, waɗanda ba su da haske sosai. Da B ba sai ka danne ba kafin rubutu ya fito, kuma hannun da ba ya dannewa ba ya saurin gajiya, ba ya karya tsinke. Mai ƙorafin cewa fensirinsa ba ya fita sosai, sau da yawa ba laifin fensirin ba ne, 2B yake buƙata. Bahago kuwa gara ya tsaya a HB, domin gefen hannunsa yana bi ta kan abin da ya rubuta, kuma mai laushi zai baƙanta masa hannu da takarda.

A zanen fasaha ina sa ɗalibaina su riƙe fensir biyu. Ɗaya da 2H don layukan share fage, waɗanda ake ja a hankali kamar ba a so a gani. Ɗayan da HB don layukan ƙarshe da rubutun awo. Ƙa'idar zanen injiniya ita ce layi mai kauri ya ninka siriri sau biyu, saboda haka haɗin 0.7 da 0.3 yana ba da wannan bambanci kusan daidai ba tare da wahala ba. Wanda ba shi da halin biyu ya sayi 0.5 ɗaya, ya bambanta da nauyin hannu. Gargaɗi ɗaya game da 2H: in ka danne shi, yana tona rami a takarda, kuma ko ka goge baƙin, ramin yana nan yana tona maka asiri.

Mataki na huɗu: gwada jikin a shago

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka ji nauyin cewa mai shago ya buɗe maka ɗaya, kuma ka tafi da guntuwar irin takardar da kake aiki da ita.

Fara duban bakin. Akwai mai baki kamar mazurari, irin na biro, wanda aka yi don rubutu. Akwai kuma mai siririn bututun ƙarfe, tsawonsa kamar milimita 4, wanda aka yi don zane da rula. Bututun nan shi ke jingina da gefen rula ko sikwaya, ya bar idonka ya ga daidai inda layi zai sauka. In zane za ka yi, kada ka yarda da wanda ba shi da shi. Sai dai shi ne kuma lagon fensirin. Faɗuwa ɗaya a kan siminti da baki, bututun ya lanƙwashe, daga nan duk tsinken da ya bi ta ciki sai ya karye. Shi ya sa wasu, irin Pentel GraphGear 1000 da Rotring 800, aka yi su yadda bakin ke komawa ciki in an gama aiki. Mai sa fensir a aljihun gaban kaftani ya lura da wannan sosai, domin bututun da ba ya komawa yana huda yadi, wani lokaci har ya soki ƙirji in an sunkuya.

Daga nan ka warware bakin, yawanci murɗawa ake yi, ka leƙa abin da ke riƙe tsinken. Za ka ga wasu 'yan haƙora biyu ko uku da zobe a kewaye da su. Duk rayuwar fensirin a nan take. In ka danna kai, haƙoran suna tura tsinken gaba kaɗan, su buɗe, sannan sifirin ya mayar da su baya su sake damƙe shi. In na ƙarfe ne, masu launin tagulla, za su daɗe. In na roba ne, bayan 'yan watanni sukan saki, sai ka ga kana rubutu tsinken yana shigewa ciki. Arha ba ta ado. Fensir mai jikin roba amma haƙoran ƙarfe, kamar Pentel P205, ya fi mini mai jikin ƙarfe mai ƙyalli da haƙoran roba nesa ba kusa ba.

Mayar da bakin, ka danna sau biyu ko uku, ka dogara tsinken a tsaye a kan takarda ka ɗan danne. Bai kamata ya koma ciki ba. Ka kaɗa shi da yatsa ta gefe: in yana rawa a cikin bututun, layinka ma zai yi rawa. Danna sau goma a jere ka ga ko kowane dannawa yana fitar da tsawo ɗaya.

Sannan ka rubuta sunanka da layi uku ko huɗu, ka saurari hannunka. Jikin ƙarfe, irin na Rotring 600, yana da nauyin da ke taimaka wa jan layi da rula, amma ga mai kwafar darasi na awa biyu nauyin nan gajiya ne, kuma da sanyin safiyar Jos ƙarfe yana yin kamar ƙanƙara a yatsu. Mai gumin hannu ya nemi mariƙi mai ƙaiƙayi da aka sassaƙa a ƙarfe. Mai rubutu da yawa ya nemi mariƙin roba mai ɗan kauri. Akwai kuma Uni Kuru Toga, wanda ya fito a Japan a 2008, da ke juya tsinken kaɗan duk lokacin da ka ɗaga shi daga takarda don bakin ya ci daidai ta kowane gefe. Yana da kyau ga mai ƙananan rubutu, amma ba dole ba ne.

Kafin ka bar shagon ka sayi kwalin tsinke, ka kuma tabbata lambarsa ta yi daidai da ta fensirin. Ɗaga kwalin sama ka duba cikinsa a haske. Na taɓa sayen kwali uku a wani shago cikin gaggawa ana gobe jarrabawar gwaji, da na buɗe a aji sai na tarar rabin tsinkayen gutsattsari ne, sauran kuma suna ƙarzar takarda kamar an zuba musu yashi. Tsinke na gaskiya yana tafiya sumul, baƙinsa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Mataki na biyar: zuba tsinke da riƙo

Cire murfin kai, cire ɗan magogin da ke ƙarƙashinsa, ka zuba tsinke biyu ko uku. Kada ka juye kwalin duka, domin in suka cunkushe babu wanda zai sami hanyar sauka. Kada kuma ka tura tsinke ta baki, hakan na kankare shi ya tara gari a ciki. Mayar da magogi da murfi, riƙe fensirin bakinsa ƙasa, ka yi ta dannawa har tsinke ya leƙo.

Dannawa biyu ta isa, wato kamar milimita 1 a waje. Yawancin karyewar da ake ɗora wa tsinke daga nan take, mutum ya fitar da dogo kamar allura sannan ya danne. Riƙe shi a ɗan miƙe fiye da yadda kake riƙe na katako. In kana jan layi da rula, ka kwantar da shi kaɗan zuwa inda hannunka ya nufa, ka ja shi, kada ka tura, kana murza shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuni yayin da yake tafiya. Murzawar nan ita ke hana gefe ɗaya ya cinye, ita ke sa layin ya fita da kauri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗalibi yakan ɗauki mako guda kafin hannunsa ya kama, amma in ya kama, daga nesa ana gane zanensa.

In ka gama, danna kan ka riƙe, ka tura tsinken ciki da yatsa ko a kan tebur, sannan ka saki. In tsinke ya zo ƙarshe za ka ga yana juyawa ko yana zamewa. Zare guntun ka yar, ka danna har na bayansa ya fito. Ɗan magogin kai kuma ka bar shi a matsayin murfi, domin da zarar ya cinye tsinkayenka za su riƙa zubewa a jaka. Sayi kilina mai laushi daban.

In ya toshe

Wata rana za ka danna ka ji shiru. Kada ka yar da shi. Juye tsinkayen ciki a kan farar takarda, ka warware bakin. Danna kan ka riƙe, ka ja zoben baya don haƙoran su buɗe, ka karkaɗe guntun da ya maƙale. In a cikin bututun ya karye, wasu fensira suna zuwa da siririyar waya a maƙale a gindin magogi don wannan aikin. Ajiye bakin a tsaye a kan tebur ka tura wayar ta saman bututun har guntun ya faɗo. In babu wayar, sabon tsinke mai tauri yakan yi, a hankali. Kada ka cusa allurar ɗinki, za ta buɗa bututun ko ta fitar da ɗan robar da ke cikin bakin, wadda ita ke riƙe tsinke kada ya zube. Kada ka sa mai. Da hunturu, ƙura takan shiga ko'ina, saboda haka ka riƙa ajiye shi a cikin jakar fensir, sau ɗaya a wata ka warware bakin ka hure.

Inda bai dace ba

Ina son fensirin nan, amma ba zan ce ya iya komai ba. A jarrabawar WAEC ko NECO, wurin cike gurbin amsa, siririn tsinke yana cin lokaci kuma yana iya yaga takarda. Je da fensirin katako irin wanda aka rubuta a umarnin takardar, ka bar mai latsawa don lissafi da zane. Yaran firamare na farko-farko ma na katako ya fi musu har hannunsu ya zauna. 'Yan kasuwa masu littafin bashi su tuna cewa abin da ake gogewa ba a sa hannu da shi, ba a rubuta yarjejeniya da shi.

Ga mai zanen hoto kuma, siririn tsinke ba ya yin inuwa mai faɗi. In ka zauna gaban duwatsun Riyom ko tsaunukan Shere, ko ka shiga gidan tarihin Jos inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya, yi haka: fara da 0.5 mai H ka fitar da siffar a hankali, sannan ka ɗauki mai milimita 2 da tsinken 2B ko 4B, ka fito da shi da ɗan tsawo, ka kwantar da gefensa ka shafa inuwar jikin dutse ko bango. Daga ƙarshe ka dawo da 0.5 mai 2B ka bi tsagogin dutsen da bakin ƙofofi, inda duhu ya fi yawa. Sa wata tsabtatacciyar takarda a ƙarƙashin hannunka duk tsawon aikin, kuma in za ka rufe littafin zanen ka bar ta a tsakanin shafukan don kada baƙin ya koma ɗaya gefen.